Mu San Japan Kafin Mu Yi Mafarkin Zuwa Can

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan ƙasar Japan, ganin yadda sunanta ya shiga bakin matasanmu tun bayan taron TICAD karo na 9, wato taron da Japan ke shiryawa kan ci gaban Afirka, da aka yi a Yokohama a watan Agustan 2025. A wajen taron ne JICA, hukumar Japan mai kula da tallafa wa ƙasashen waje, ta ƙulla zumunci tsakanin garuruwa huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu, inda garin Kisarazu ya faɗo a rabon Najeriya. Kafin ka ce kwabo labari ya rikiɗe ya koma cewa an buɗe mana ƙofar biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, Japanawa da dama suka tayar da jijiyar wuya, aka soke shirin a watan Satumba. A ganina, da mun san ƙasar yadda ya kamata, da wannan jita-jita ba ta sami gindin zama ba.

Sanin yawancinmu game da Japan bai wuce Toyota da Honda ba. Ƙasa ce ta tsibirai a gabashin Asiya, manyansu guda huɗu su ne Honshu, Hokkaido, Kyushu da Shikoku, mutanenta sun haura miliyan 120, galibinsu kuma a cunkushe suke a bakin teku saboda duwatsu da dazuzzuka sun cinye mafi yawan ƙasar. Kusan duk man fetur ɗin da take ƙonawa sayo shi take yi daga waje. Ga kuma girgizar ƙasa: ta 1923 ta hallaka mutum fiye da 100,000 a Tokyo da kewayenta, ta ranar 11 ga Maris 2011 kuma ta jawo ambaliyar tekun da ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima.

Ƙasar da ke cikin irin wannan hali ba ta da jarin da ya wuce jama'arta, shugabanninta kuwa sun gane haka da wuri. Bayan shekaru fiye da 200 tana kulle da ƙofofinta, jiragen yaƙin Amurka suka iso a 1853 suka tilasta mata buɗewa. A 1868 mulki ya koma hannun Sarki Meiji, a 1871 aka tura manyan jami'ai su kewaya Amurka da Turai su ga yadda ake gudanar da makarantu da masana'antu, a 1872 kuma aka kafa dokar ilimi ga kowane yaro, mace da namiji. Wannan tushe ne ya sa ƙasar da aka jefa wa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ta iya ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka a 1964. Har yau a makarantun firamare ɗalibai ne ke ɗaura kyallen rufe baki su raba wa junansu abincin rana, bayan an ci kuma su durƙusa da tsumma su goge daɓen ajinsu. Bai kamata yabo ya mantar da mu cewa wannan ƙarfi ne Japan ta yi amfani da shi wajen mamaye Koriya a 1910 da kuma ta'asar da ta tafka a Sin ba, abin da maƙwabtanta ba su manta ba har gobe.

Babbar damuwar Japan a yau ita ce tsufa. Kusan kashi 29 cikin 100 na jama'arta sun kai shekara 65, jariran da aka haifa a 2022 ba su kai 800,000 ba, akwai kuma miliyoyin gidaje da ke tsaye babu kowa a ciki. Saboda haka gaskiya ne tana buƙatar ma'aikata a gonaki, gine-gine da gidajen kula da tsofaffi, shi ya sa ta ɓullo da bizar masu sana'a a 2019. Sai dai baƙi ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 na mazauna ƙasar ba, jama'arta na ɗari-ɗari da ƙaruwarsu, mai neman wannan biza kuma sai ya ci jarrabawar sana'a da ta harshen Japananci, harshen da karanta jarida a cikinsa ke buƙatar sanin alamomin rubutu fiye da 2,000.

Roƙona ga jaridarka shi ne ta tuntuɓi ofishin jakadancin Japan da ke Abuja, ta buga mana sharuɗɗan wannan biza da na guraben karatun da gwamnatin ƙasar ke bayarwa dalla-dalla da Hausa, tun kafin 'yan damfara su fara karɓar kuɗin matasanmu da sunan cika fom ɗin tafiya Kisarazu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya.