Anti, surukata ta zubar mini da magani

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ina rubuto miki ne hannuna na rawa. Shekaranjiya ina kicin, Hajiyar maigidana ta shiga ɗakina ta kwashe magungunana kaf ta zuba a masai. Wai su ne suka kumbura mini fuska, su ne kuma suka hana ɗanta samun haihuwa.

Bari in koma baya. Shekara 2 ke nan ina fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita. Kin san sanyin Jos a watan Disamba. Da asuba yatsuna sukan sandare fiye da awa guda, murfin filas ya gagare ni, buta ma sai an riƙe mini in yi alwala. Ita kuwa Hajiya tun farko cewa take sammu ne, har rubutu ta kawo, na kuma sha don girmanta.

Anti, ni fa kimiyyar sinadaran jiki na karanta a jami'a, na san abin da ke cina. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani furotin, NF-kB, da aka gano a 1986. Yana nan ɗaure kamar akuya a turke, wani mai suna IkB na riƙe da shi. Da saƙon TNF, wani sinadari mai kunna kumburi, ya taɓa bakin ƙwayar, sai a tsinke igiyar, ya kutsa cibiyar ƙwayar ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke haddasa kumburi. Su kuma su zubo sinadaran kumburi IL-1 da IL-6 da ƙarin TNF, wanda zai je ya tayar da maƙwabciya. Ga mai lafiya, ana kashe cuta wutar ta lafa. Tawa ba ta lafawa, gaɓoɓina take ci. Maganin prednisolone da nake sha ne ke danne ta, shi ne kuma ya cika mini kumatu. Duk wannan na zana mata a bayan kalanda, ta dube ni ta ce boko ya taɓa mini kai. Na san na ɗaga murya, amma wa zai jure? Matar da ko sannu ba ta taɓa yi mini ba.

Kuma prednisolone ɗin nan ba a yanke shi farat ɗaya, yana da haɗari. Tun jiya jiri nake ji da tashin zuciya. Shi maigidan bai ce uffan ba, ya ɗauki makullin mashin ya tafi shagonsa a Taminus.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ɗaya maganin, methotrexate, da nake sha sau ɗaya a mako, likita ya gargaɗe ni kada in ɗauki ciki a kansa, yana nakasa jariri. Shi ya sa nake yin allurar tazarar haihuwa. Maigidana bai sani ba. Ba ha'inci ba ne Anti, tsoro ne, don na san ranar da ya ji, Hajiya ta ji, kuma tuni take zancen wata 'yar ƙanwarta.

Da na so in tambaye ki ko in tafi gidanmu a Gangare har a ba ni haƙuri. To amma idan Baba ya zaunar da mu ya tambayi dalilin rashin haihuwar a gabansu, me zan ce?

'Yarki,
daga Anguwar Rogo, Jos