Abin da Mawaƙan Kano Za Su Duba a Waƙar Ƙauyen Rasha

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina game da haɗa waƙar gargajiya da kiɗan zamani, kuma misalin da zan kawo daga nesa yake, wato ƙasar Rasha.

A shekarar 1973 wani masanin kiɗa mai suna Dmitri Pokrovsky ya kafa ƙungiyar mawaƙa a birnin Mosko. A wancan zamani Tarayyar Sobiyet tana da manyan ƙungiyoyin gwamnati masu rera waƙoƙin gargajiya a dandamali cikin kayan ado, sai dai an riga an goge waƙoƙin, an daidaita su yadda za su yi wa kunnen ɗan birni daɗi. Pokrovsky da abokan aikinsa, waɗanda 'yan birni ne, suka ɗauki wata hanya dabam, domin sun riƙa tafiya ƙauyuka suna zama da tsofaffi, suna rerawa tare da su har sai muryarsu ta faɗa inda ta tsofaffin take. Dalili kuwa shi ne, a waƙar ƙauyen Rasha mutum ɗaya ne yake ɗaukowa, sauran su shigo, kowa yana ɗan karkata karin ta tasa fuskar, da buɗaɗɗiyar murya mai fitowa daga ƙirji, galibi ba tare da kayan kiɗa ba. Irin wannan ba ya kamuwa a takarda, sai an tsaya kusa da mai yi.

Sai da suka ƙware a nan sannan suka fara gauraye. A 1987 sun fitar da faifai tare da Paul Winter, Ba'amurke mai busa saksofon. A 1994 kuma suka ɗauki aikin Igor Stravinsky, shahararren mai tsara kiɗa ɗan asalin Rasha, kan bikin auren ƙauye, wanda aka fara nunawa a Faris a 1923, suka rera shi da muryar mutanen ƙauye, kwamfuta ta riƙe ɓangaren fiyano. Pokrovsky ya rasu a 1996, amma ƙungiyar ba ta watse ba.

To, mu a Kano ba baƙi ba ne ga gauraye. Situdiyoyinmu sun daɗe suna sa amon kalangu a waƙoƙin biki da na siyasa, amma sau da yawa daga cikin fiyano amon yake fitowa, ba daga hammatar makaɗi ba, alhali kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshen Hausa gwargwadon yadda aka matse tsarkiyarsa. Amshi ma haka abin yake. Duk wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san cewa 'yan amshi suna karɓe ɗan waƙa, wato baiti, daga bakin ubangidansu su ƙarasa shi, wani lokaci ma su yi ƙari, kuma wannan musayar ita ce ƙashin bayan waƙar. Yau murya ɗaya ake naɗa, a maimaita ta bayan kowane baiti, na'ura ta daidaita ta. Ba ina kushe matasanmu ba ne, domin da yawansu akwai azanci da fasaha. Matakin koyo daga bakin masu abin ne aka tsallake. Hukuncin kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, ban shiga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙoƙin mata. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa a mafi yawan gidaje, waƙarsa ta bi shi. Waƙoƙin daka da na daɓe da na gaɗa da na rakiyar amarya suna bakin iyayenmu mata da shekaru suka ja, kuma ba su da kayan kiɗa sai tafi da lugude, kusan kamar waccan ta ƙauyen Rasha.

Saboda haka nake kira ga masana Hausa na Jami'ar Bayero da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa su haɗa kai da mawaƙan zamani, a tura matasa maza da mata ƙauyukan Rano da Gaya da Ƙaraye. Kada aikin ya tsaya ga naɗar murya a ajiye a ma'adana. A bar su su zauna su koyi rerawa da amsawa, sannan su dawo situdiyo da abin da suka koyo, kuma a ambaci sunayen iyayen da suka koyar da su, a ba su kasonsu idan waƙar ta kawo kuɗi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wani mai karatu,
Gwale, Kano.