Wasiƙar Makaranta: Wasannin Ranar Alhamis

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Da yawanku sun tambayi dalilin da ya sa yara ke komawa gida ranar Alhamis da ƙura har gira, aljihu cike da murafan kwalba. Laifinmu ne, kuma da gangan muka yi.

Tun farkon zangon nan muka ware minti 30 na wasa bayan hutun tara duk ranar Alhamis. Kowane rukuni zai ɗauki wasan da aka sani, ya canza masa doka ɗaya, bisa sharaɗin kada a bar kowa a gefe yana kallo.

'Yan aji huɗu langa suka ɗauka. Kun san wanda ya saki ƙafa ya fita. To, sai suka lura kullum ƙananan cikinsu ne ke fara fita, su je gindin darbejiya su yi tagumi. Suka yanke cewa wanda ya faɗi ya koma ɗaya ɓangaren ya ci gaba. Wasa fa ya ƙi ƙarewa, aka yi ta tsalle har aka buga ƙararrawa, gardama ta kaure. Malaminsu ya ja bakinsa ya yi shiru, ko da yake ya ce da ƙyar. Mako na gaba da kansu suka daidaita: sau biyu kawai ake sauya ɓangare. Wani yaro da bai cika magana a aji ba shi ya kawo shawarar, yanzu kuwa shi ake nema idan an rasa alƙali.

Manya kuma dara suka tona a ƙasa, gurbi 30, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Sun mai da ita ta mutum biyu-biyu, kuma ba ka gaya wa abokinka inda zai sa. Sai dai ido. 'Yan mata na can suna ƙara wa 'yar gala-gala ɗakuna, carafke kuwa har yanzu ba su yarda a taɓa ta ba.

Tun 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da 11 ga Yuni Ranar Wasa ta Duniya. Mu dai da dandali muka tashi, yaran yanzu kuwa waya ta fi kusa da hannunsu.

Ba ma neman kuɗi. A aiko mana da ƙwallon dabino, tsofaffin kwalaye da tsumma mai tsabta, ban da kwalba da ƙusa. In akwai kaka ko kawu da ya tuna waƙar wani wasan da ya ɓace, ƙofa a buɗe take ranar Alhamis. A sanar da malamin aji tun Laraba don mu tanadi tabarma.

Wassalam,
Shugabar Makaranta