Yadda za ka auna kwarin Gulbin Gada

Daga Katsina

Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jos? Ka ce za ka auna kwarin Gulbin Gada, wato duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin gulbin, daga madatsar Jibiya zuwa sama. To ga hanya.

Ka sauko da taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda aka ɗauko daga sararin samaniya a 2000. Gurbi-gurbi take kamar gidan dara, kowane gurbi kusan mita 30. Kafin ka taɓa komai a QGIS, manhajar aikin taswira, mayar da ita ma'aunin UTM mai aiki da mita, shiyya ta 32 ta Arewa. In ka bar ta a digiri, tsawo da faɗi ba za su fito da mita ba. Daga nan sai ka cike ramuka, wato guraben taswirar da ruwa ke maƙalewa ba mafita, ka fitar da inda ruwan kowane gurbi yake gangarawa cikin maƙwabtansa 8, ka tara yawan gurabun da ke zubo wa kowanne.

Inda gizo ke saƙar shi ne adadin gurabun da za ka yanke cewa daga nan ƙorama ta fara. Gurbi 1,000 murabba'in kilomita 0.9 ke nan. Ka rage zuwa 200, ƙoramu su cika taswira kamar jijiyoyin ganye. Ka ƙara, su ɓace. Yawan magudana kuwa jimillar tsawon ƙoramu ne a raba da girman kwarin, don haka abin da ka zaɓa shi zai bi. Matakan Strahler, wato lambobin da ake ba ƙoramu bisa haɗuwarsu, su ma haka: ƙorama ta 1 ta haɗu da ta 1 su ba da ta 2, amma ta 1 in ta faɗa ta 2 ba ta ƙara mata komai. Ka gwada adadi uku, ka ɗora a hoton tauraron ɗan Adam na ƙarshen damina, ka riƙe wanda ya hau kan yashin rafukan gaske. Kuma ka rubuta shi a rahotonka, don Allah. Da yawa ba sa yi.

Ɗigon mafita, wato inda ruwan kwarin duka ke fita, ka aza shi daidai kan layin gulbin da kwamfuta ta zana. Kuskuren gurbi biyu sai ta ba ka kwari kamar gonar gyaɗa.

Auna siffar kwarin ba wuya: girman kwari a raba da tsawonsa sau tsawonsa. Ƙaramin sakamako, kwarin dogo ne siriri, ruwa na isowa bi da bi. Babba, ya kusa da'ira, ƙoramu na kawo ruwa lokaci guda, ambaliya ta fi saurin tashi.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma taswirar ba ta ganin kwalbati. Titi sai ta ɗauke shi madatsa, ta karkatar da ruwa. Ka nemo inda kowane kwalbati yake, ka yanka masa hanya a taswirar kafin cike ramuka.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Naka,
Lawal