A rage wa ɗalibai wahalar neman rancen karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi tsokaci kan rancen karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya da ke bai wa ɗaliban manyan makarantu bashi.

Yabon gwani ya zama dole. Dokar farko ta 2023 cewa ta yi sai ɗalibi ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 ko lauyan da ya shekara goma a bakin aiki. Ɗan manomi daga ƙauye, ina zai samo lauya? Da aka sake dokar a Afrilun 2024 an cire wannan sharaɗi, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Bashin babu ruwa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ga naira dubu 20 ta kashewa duk wata, biya kuma sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ana neman lambar JAMB, da NIN ta katin ɗan ƙasa, da BVN ta banki, da lambar ɗalibi, kuma sai makaranta ta riga ta ɗora sunansa. A nan yaranmu ke maƙalewa. A takardar JAMB yaro Muhammad ne, a banki Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma sunan garinsu ne ya maye gurbin na mahaifinsa. Ranar haihuwa kuwa, wadda mai shagon intanet ya ga dama ita ya cike masa tun yana sakandare. Kwamfuta ba ta jin uzuri. Daga nan sai rantsuwar kotu, sai layin gyaran suna, sai kuɗin mota, duk a kan wanda rashin kuɗi ne ya kawo shi tun farko.

Shawarata, kowace jami'a da kwaleji ta ware tebur guda a lokacin rajista, a zaunar da jami'in hukumar katin ɗan ƙasa da na banki, a gyara komai a wuri ɗaya, kyauta. Hukumomin tallafin karatu na jihohi ma su dogara da NIN, su daina sa ɗalibi yawon neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma.

Sannan a yi bayani da Hausa a rediyo. Iyaye da dama da sun ji kalmar bashi sai su ɗauka da riba a ciki, su hana 'ya'yansu nema.

Naku,
Wani malamin sakandare daga Gusau