Ƙwallo mai nauyi a horon sofbol: ta bugu ce, ba ta jifa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu koya wa yara wasan sofbol, wato wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, a nan Yamai game da ƙwallo mai nauyi da ake amfani da ita wajen horon bugu. Wasan baƙo ne a ƙasar da kokowa da balo suka cinye zukatan jama'a, domin a Shikago ta Amurka aka ƙirƙiro shi a 1887, amma tunda zai koma gasar Olamfik ta Los Anjales a 2028, ya kamata 'yan ƙalilan da ke koyar da shi su kama hanyar da ta dace tun da wuri.

Ƙwallon gasa kewayenta kusan santimita 30 ne, nauyinta kuma bai wuce giram 200 ba. Ta horo kuwa fatar roba ce mai laushi da aka ɗura wa rairayi, kuma irin wadda kamfanin Total Control yake yi ta kai giram 425, wato ta ninka ta gasa har da ɗori. Amfaninta shi ne ba ta rufa wa mai bugu asiri. Idan sanda ta same ta a tsakiya, yaro kuma ya bi bugun da ƙugu da kafaɗa har ƙarshe, sai ta tafi sak, ta faɗi 'yan taku kaɗan a gabansa. Idan kuwa ya shafe ta ta sama ko ta ƙasa, ko ya saki wuyan hannu da wuri, nan take za ta lotsa, ta yi juyi, ta zube kusa da ƙafarsa kamar ƙunshin tuwo, shi da kansa zai ga kuskurensa kafin malami ya buɗe baki. Ga shi ba ta nisa, saboda haka farfajiyar lakwal ta isa, ba sai an nemi fili irin babban filin wasa na Seyni Kountché ba, ba kuma fargabar fasa gilashin maƙwabta.

Sai dai abin da take koyarwa ƙarfin haɗuwar sanda da ƙwallo ne kawai. A gasar mata tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu mita 13 ce, kuma jifar gwanaye takan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, alhali mai nauyi daga kusa ake cilla ta a hankali. Yaron da ya saba da ita kaɗai zai riƙa makara a ranar wasa. A ganina, bugu kaɗan da mai nauyi ya isa, sannan a koma ta gasa a zama ɗaya, tun hannu bai manta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jifa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 kan matasa masu jifar besbol, ɗan'uwan sofbol, ya nuna cewa horon mako 6 da ƙwallaye masu nauyi ya ƙara saurin jifa, amma kashi 24 cikin ɗari na waɗanda suka yi shi sun samu rauni a gwiwar hannu, a lokacin horon ko daga baya, yayin da babu wanda ya ji ciwo cikin waɗanda ba su yi ba. Besbol ne, na sani, amma jijiya ɗaya ce, kuma yara da zarar malami ya juya baya sai su fara gwada ƙarfi da juna. Ƙanana waɗanda ƙashinsu bai yi ƙwari ba ma bai kamata a ba su ita ba ko don bugu.

Masu kai tsohuwar ƙwallo wurin baduku ya cika ta da tsakuwa don gudun tsada, ina roƙonsu su bari, domin ba ta lotsawa, duk jijjigar kuwa a wuyan hannun yaro da jikin sanda take ƙarewa. Ta robar ma a ajiye ta a inuwa, kada a bar ta kan daɓe a zafin watan Afrilu, sannan malami ya ƙirga ƙwallayen ya kulle da hannunsa bayan kowane horo.

Wassalam,
Wani malamin motsa jiki, Yamai