Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da wayar intanet

Tawa, 7 ga Mayu 2025

Zuwa ga Babban Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Shekaranjiya Litinin, da ƙarfe 10 da minti 20 na safe, na kira lambar da kuka ware don sauraron koke. Na'urarku ta ce in danna 1, na danna, ta ce in danna 3, na danna, sannan ta bar ni da kiɗa har tsawon minti 26 kafin layin ya yanke ba tare da ɗan Adam ya ce mini uffan ba. Da yamma na duba lissafina, sai na tarar an cire mini kuɗin waɗannan mintoci 26, wato na biya ku ladan ƙin amsa mini. Wannan ne ya sa na daina kira na koma ga rubutu, kuma na fitar da shi fili domin wasiƙun da na miƙa a ofishinku na nan Tawa ban san inda suke kwana ba. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ni ɗan kasuwar albasa ne. Ina saye a Galmi da Tamaske da kewayen Madawa, ina lodi zuwa Abijan da Kumasi, kuma ina da tsofaffin abokan hulɗa a Kwatano. Rabin aikina a waya yake. A farkon watan Oktoba na 2024 wakilinku ya same ni a shago, ya zauna ya sha shayi, ya bayyana mini cewa wayar intanet tana mayar da murya ƙananan ƙunshi ta aika su ta layin intanet, don haka kiran ƙasashen waje zai yi mini sauƙi fiye da kredin da nake zubawa a salula. Ya jero mini abubuwan da ke cikin tsarin: karkatar da kira zuwa salulata idan ba na shago, jiran kira idan ina kan wani layin, akwatin saƙon murya, nuna lambata ga wanda na kira, da haɗa mutum uku a magana ɗaya. Na biya jika 120 na wayoyi biyu da akwatin da ke haɗa su da intanet, na kuma amince da jika 35 duk wata, ban da kuɗin kiran waje. Yarjejeniyar da Faransanci take, shafi bakwai, ya ce in sa hannu, duk abin da ya faɗa mini da baki shi ne a ciki.

Zan fara da karkatar da kira, tunda saboda shi na sayi wayar. Kowa ya san yadda ake ɗauke kuran a garin nan lokacin zafi, kuma wayar intanet ba ta aiki in babu wuta, domin akwatin da wayar duk da lantarki suke rayuwa. Ɗauke wuta ba laifinku ba ne, ban kuma ɗora muku ba. Abin da na tambayi wakilinku tun ranar farko shi ne, in wuta ta tafi, ina kiran zai je? Ya ce salularka, Alhaji, kai tsaye. Sai bayan wata biyar na gano cewa karkatarwar iri huɗu ce: akwai ta kowane lokaci, akwai ta lokacin da layi ke kan magana, akwai ta lokacin da waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, akwai kuma ta lokacin da wayar ta ɓace daga rezo gaba ɗaya. Mai haɗa mini wayar ya kunna ta uku ya bar ta huɗu a kashe, alhali ta huɗun ce kaɗai ke da amfani in an ɗauke kuran. Ban da haka, duk kiran da ya samu ya karkato zuwa salulata kun lissafa shi a matsayin kiran da ni na yi, sefa 60 kowane minti, saboda a cewarku kiran yana da ƙafa biyu kuma ƙafa ta biyu tawa ce. Mai yiwuwa haka tsarin yake a ko'ina. Amma mutumin da ya ce mini abu yana cikin jika 35 ya kamata ya faɗa mini cewa kunna shi ne kyauta, amfani da shi kuwa na kuɗi ne.

A ranar 30 ga Nuwamba 2024 ƙasar Benin ta mayar da lambobin wayarta daga takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a gaban kowace lamba. An sanar da wannan tun kafin ranar, kuma salulata ta bi sabon tsarin ba tare da gardama ba. Wayarku kuwa, in na buga 229, lambar shiga Benin, na bi da lambobi goma sai ta ce lambar ba daidai ba ce, in na buga takwas kuma kiran ba ya shiga. Kusan mako uku ban iya kiran Kwatano da ita ba. Iyakarmu da Benin a rufe take a lokacin, gaskiya ne, amma bashin da ke tsakanina da mutanen can bai rufe ba. Kodebuwa ta yi irin wannan canji tun Janairun 2021, don haka ba baƙon abu ba ne ga wanda sana'arsa ke nan. Na je ofishinku sau biyu ko uku a kan wannan, aka ce an tura Yamai.

Batun nuna lamba ya fi wannan ciwo. Mai sayen kayana a Abijan ya sha gaya mini cewa in na kira shi ba lambata yake gani ba. Wani lokaci lamba ce ta cikin Kodebuwa wadda bai sani ba, wani lokaci babu lamba sam, kuma kowane kira da tasa. Mutumin da ke tsakiyar kasuwa, ƴan damfara na damunsa dare da rana, ba zai ɗauki baƙuwar lamba ba, kuma in ya ga kiran da ya wuce shi ya mayar, ba ni zai samu ba. Na bincika, an bayyana mini cewa haka na faruwa idan kamfani ya bi da kiran ta hanya mai araha, inda ake sauke shi daga intanet a cikin wani akwati cike da layukan salula na ƙasar da ake kira, don a kauce wa kuɗin shigar da kiran waje. Ban ce ku ke da akwatin ba. Ina tambaya ne, kuna karɓar sefa 150 a kowane minti daga hannuna, ta wace hanya kuke bi da muryata har take isa Abijan da lambar wani?

A makon ƙarshe na azumi, lokacin da albasa ta cika kasuwa kuma kwana ɗaya na iya canza farashi, motata ta isa Abijan da buhu 320. Wuta ta tafi a unguwarmu tun azahar. Mai sayen ya kira lambar shago sau shida don mu daidaita, kiran bai karkato ba, ya faɗa akwatin saƙo inda wata murya ta yi masa Faransanci. Ya bar saƙo biyu. Ban san da su ba sai bayan kwana tara, saboda sanarwar saƙon kuna aika ta ne zuwa wani adireshin imel da wakilinku ya ƙirƙira mini ranar sa hannu, wanda ban taɓa buɗewa ba. Ya ɗauka na yi watsi da shi, ya sayi kayan wani. Direba ya kwana biyu da lodi cikin zafi da laima, muka sayar da ragin jika 3 a kowane buhu, ban da abin da ya ruɓe. Ku yi lissafin da kanku.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙura. Ranar Laraba 16 ga Afrilu, da ƙarfe 4 da kwata na yamma, na samu wani ma'aikacinku na sashen fasaha a waya, bayan jiran minti 19. Na gaya masa cewa ban da duk abin da ya gabata, murya tana yankewa, kuma in na yi magana sai an ɗauki lokaci kafin na can ya ji, har mu riƙa haɗa baki kamar masu faɗa. Ya ce mini matsalar latansi ce da jita, kuma intanet ɗina ba shi da ƙarfin ɗaukar kodek ɗin. Na ce ya fassara mini da Hausa, tunda Hausar yake ji sarai. Ya yi dariya, na ji shi yana maimaita maganata ga wani a gefensa, sannan ya ce: "Baba, wannan ba cinikin albasa ba ne. In abin ya fi ƙarfinka ka koma wa salularka." Na ce ya ba ni sunansa ko lambar koken, ya ce ba su bayarwa, ya ajiye. Shekarata 58, kuma albasar da ya raina ita ke biyan jika 35 ɗin da ake ba shi albashi da su.

Na gode masa ta wani fanni, domin ya sa na nemi sani. Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'ar nan ta Tawa ya zo shago da kwamfutarsa, muka zauna har bayan isha'i. Latansi ashe jinkiri ne kawai, lokacin da murya ke ɗauka kafin ta isa, kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa a tafiya ɗaya in ana son magana ta tafi daidai. Jita kuwa rashin daidaiton isowar ƙunshin muryar ne, wani ya zo da wuri wani ya makara, shi ya sa magana ke tsinkewa. Kodek shi ne tsarin da ke matse murya: wanda ake kira G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 kuma kilobit 8, kuma ko an haɗa da abin da ke rakiyar ƙunshin, kira ɗaya ba ya kai kilobit 100. Layin intanet ɗina da muka auna sau biyar a daren yana aika sama da megabit 4, wato zai ɗauki kira arba'in a lokaci guda, ni kuwa waya biyu gare ni. Da yaron ya auna lokacin tafiya da dawowa zuwa na'urarku da wayoyina ke rajista a kanta, bai taɓa samun ƙasa da kashi 380 cikin dubu na daƙiƙa ba, alhali wasu wuraren suna amsa masa cikin ƙasa da rabin haka. Ban musa ba cewa rezo na iya rawa daga wajena wasu ranakun. Amma jinkirin da ba ya sauka dare da rana ba a shagona aka haife shi ba, kuma duk bayanin nan bai ɗauki yaron minti goma da Hausa ba.

Shi ne kuma ya nuna mini yadda zan sauko da jerin kiraye-kirayen wata, abin da na roƙi ofishinku tun Janairu. A jerin watan Maris akwai kira 97 zuwa Abijan da Kumasi waɗanda tsawonsu bai kai minti ɗaya ba, daƙiƙa 30, daƙiƙa 41, daƙiƙa 38, kowanne an cire kuɗin cikakken minti. Na san waɗannan kiran. Su ne waɗanda waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, kuma ba a ɗauka ba ne saboda baƙuwar lambar da kuke nunawa. A ƙa'ida lissafi yana farawa ne lokacin da na can ya ɗauka. Idan ya fara tun waya na ƙara, to wata na'ura a kan hanya ta yi ƙaryar cewa an amsa, kuma an gaya mini masu sana'ar sun san wannan dabara, har suna da sunan da suke kiran ta. Kuɗin sefa 14.550 ne a wata ɗaya, daga shago ɗaya. Na tambayi mutum huɗu a layinmu da wakilin nan naku ya sha shayinsu, uku ba su ma san akwai jerin ba, na huɗun da muka buɗe nasa mun ga abu iri ɗaya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina neman a mayar mini da kuɗin duk kiran da aka lissafa ba a amsa ba tun daga Oktoba, da kuɗin karkatarwar da ba a sanar da ni ba, da kuɗin wata ɗaya na makonnin da Kwatano ta gagara, da na mintoci 26 na shekaranjiya. Ku karɓi wayoyinku da akwatinku ku ba ni jika 120 ɗina. Asarar motar Abijan ban sa ta a nan ba tukuna, ban kuma yafe ta ba. Ina son amsa a rubuce, da sa hannun mutum mai suna, a kan hanyar da kuke bi da kiranmu da kuma lokacin da na'urarku ke fara ƙidaya.

Abin ya wuce ni kaɗai. Kun shigo Adar da waya kuna tallar ta da Hausa mai daɗi, in an zo sa hannu ku koma Faransanci, in an zo koke ku koma wasu kalmomin da kuka tabbata ɗan kasuwa ba zai iya mayar muku da martani a kansu ba. Ina ganin da gangan ne, domin wanda bai san bambancin karkatarwa ta uku da ta huɗu ba, ba zai san an cuce shi ba, sai dai ya ce rezo ne ya yi shiru. Ko lambobin gaggawa, 17 na ƴan sanda da 18 na masu kashe gobara, babu wanda ya gaya mana ko wayarku tana kai su, a shagunan da ke cike da buhuna da tabarmi. Ku aika wa kowane mai hulɗa da ku jerin kiransa na wata shida, ku bar shi ya ƙidaya.

Na ba ku kwana 15 daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai wannan wasiƙa da jerin watan Maris da takardun biya na wata bakwai ga hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa a Yamai, kuma maƙwabtana sun ce in haɗa da nasu.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwar albasa, Tawa